Tambayoyi da Amsoshi Kan Wanke Ƙanƙara Daga Jikin Jirgin Fasinja Kafin Tashi a Lokacin Sanyi

Ɗalibai da 'yan kasuwa da sauran matafiya masu ratsa Istanbul, Frankfurt, Paris, Landan, Mosko ko Toronto tsakanin Nuwamba da Maris sukan ga abin da ba a gani a filayen jirgin Kano, Abuja ko Yamai: an rufe ƙofa, jirgi ya ja baya, sai manyan motoci su kewaye shi suna feshin ruwa mai tururi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki.

1. Mene ne wannan feshin, kuma me ake nema da shi?

Aiki biyu ne a haɗe. Na farko shi ne wanke abin da ya riga ya manne a jikin jirgi: dusar ƙanƙara, daskararriyar raɓa, ko ƙanƙara mai tauri. Na biyu shi ne shimfiɗa wani ruwa da zai hana sabuwa kamawa har jirgi ya bar ƙasa. Dokar da aka gina aikin a kanta ɗaya ce a duk ƙasashen sanyi: ba a tashi alhali akwai ƙanƙara manne a fukafukai, jela, faifan sarrafa jirgi (sassan fiffike da jela masu motsi da matuƙi ke juya jirgi da su), farfela ko bakin inji. Abin lura a nan, ana duba tsabtar fiffike ne a daidai lokacin da jirgi zai ɗaga, ba lokacin da motar feshi ta gama aikinta ba. Shi ya sa agogo yake da muhimmanci ƙwarai a wannan sana'a (duba tambaya ta 8).

2. Jirgi mai ɗaukar tan ɗaruruwa, ta yaya 'yar ƙanƙara za ta dame shi?

Yawancin mutane nauyi suke tunani, amma nauyi ƙaramin ɓangare ne na matsalar. Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda iska tana bin samansa sumul, a manne da shi tun daga gaba har baya. Da zarar saman ya yi kaushi, iskar takan rabu da shi da wuri, ta rikice, ƙarfin ɗagawa ya ragu. Gwaje-gwajen da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Amurka ke kafa hujja da su sun nuna cewa ƙanƙara mai kaushin takardar gugar katako a gaba da saman fiffike tana iya rage ƙarfin ɗagawa da kashi 30 cikin 100, ta ƙara turjiyar iska da kashi 40.

Matuƙi ya riga ya lissafa gudun da zai ɗaga hancin jirgi a kansa, kuma lissafin na fiffike mai tsabta ne. Idan fiffiken ya ƙazanta, jirgi yakan ɗan tashi ya kasa hawa, ko ya karkata gefe guda idan ƙanƙarar ta fi yawa a ɓangare ɗaya. Na'urar da ke gargaɗin cewa fiffike ya kusa daina ɗaukar jirgi ita ma an saita ta ne bisa fiffike mai tsabta, don haka tana iya yin shiru har abin ya auku. Ga kuma ɓaraguzan da kan ɓalle su faɗa inji, da ƙanƙarar da kan maƙale a mahaɗar faifan sarrafawa ta hana su motsi.

3. Ba iska za ta kakkaɓe dusar ba idan jirgi ya fara gudu? Kuma ai jirgi yana da nasa na'urar narkar da ƙanƙara.

Busasshiyar dusa ta sama tana iya tashi, amma babu mai tabbacin abin da ke ƙarƙashinta. Sau da yawa akwai wadda ta narke ta sake daskarewa ta manne da ƙarfe. A ranar 2 ga Afrilu 2012 wani jirgin UTair ƙirar ATR 72 ya tashi daga Tyumen ta Rasha ba tare da an wanke shi ba bayan ya kwana cikin dusa, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 33 cikin 43 suka rasu.

Na'urorin jirgi kuwa an yi su ne don ƙanƙarar da ke kamawa cikin gajimare, wadda ke taruwa a bakin gaban fiffike da bakin inji. Manyan jirage suna ɗumama waɗannan wurare da iska mai zafi daga inji, Boeing 787 yana amfani da lantarki a fukafukansa, jirage masu farfela irin ATR da Dash 8 kuma suna da roba mai kumbura tana fasa ƙanƙara. Babu ɗayansu da ke kaiwa faɗin saman fiffike, inda dusa ke kwanciya idan jirgi yana ajiye.

4. Wane irin ruwa ne, kuma me ya sa launinsa ya bambanta?

Sinadarin gilaikol ne, mai hana ruwa saurin daskarewa, haɗe da ruwa, da ɗan abin hana tsatsa da rini. Iri biyu na gilaikol aka fi amfani da su, furofilin gilaikol da itilin gilaikol. Wani abin mamaki shi ne tsantsar itilin gilaikol tana daskarewa a wajen digiri 13 ƙasa da sifili, amma idan aka gauraya ta rabi da rabi da ruwa sai ta kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili kafin ta daskare. Saboda haka sirkawar ba rowa ba ce, wani ɓangare ne na aikin.

Ruwan feshin nau'i huɗu ne. Nau'i na 1 launin ruwan lemo gare shi, tsararo ne, kuma da zafi ake fesa shi, aƙalla digiri 60 a bakin mesa. Zafinsa da ƙarfin feshinsa su ke wanke ƙanƙara, amma yana zurarewa da sauri, kariyarsa gajera ce. Nau'i na 4 kore ne, mai kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa, kuma yawanci da sanyinsa ake shimfiɗa shi. Yana zama daram a kan fiffike yana shanye dusar da ke sauka, amma an haɗa shi yadda idan iska ta buge shi da ƙarfi sai ya tsinke ya kwaranye ta baya. Wannan tsinkewa tana bukatar gudu, don haka an tanade shi ne ga jiragen da ke ɗagawa a gudun da ya haura wajen kilomita 185 a awa. Nau'i na 2 ɗan'uwan na 4 ne, ya girme shi, kariyarsa ba ta kai tasa ba, kuma har yanzu ana amfani da shi sosai a Turai. Nau'i na 3 yana tsakiya, an yi shi don ƙananan jirage masu tashi a gudu kaɗan.

Launin ba ado ba ne. Da shi mai feshi ke gane inda ya rufe da inda ya tsallake, matuƙi kuma ya gane abin da aka zuba masa.

5. Me ake nufi da mataki ɗaya da mataki biyu?

Idan sama ta washe, raɓar dare ce kawai ta daskare, feshi ɗaya na ruwa mai zafi ya wadatar: ya wanke, abin da ya rage a jiki ya ba da 'yar kariya. Idan kuwa dusa tana kan sauka, sai a yi biyu. A fara da Nau'i na 1 mai zafi a wanke tas, sannan a bi da Nau'i na 4 ko na 2. Dole mataki na biyu ya hau kafin ruwan farko ya fara daskarewa, yawanci cikin minti 3. Shi ya sa a tsananin sanyi ba a wanke jirgi duka sannan a dawo, sai a riƙa yi yanki-yanki.

Ana kuma zaɓar sirki bisa sanyin ranar. Nau'i na 1 da za a dogara da shi don kariya dole ma'aunin daskarewarsa ya kasance aƙalla digiri 10 ƙasa da sanyin waje, masu kauri kuma digiri 7. Masu kaurin ana zuba su tsantsa, ko kashi 75 da ruwa 25, ko rabi da rabi. Kowane ruwa yana da iyakar sanyin da ba a amfani da shi ƙasa da ita, domin a nan yakan yi kauri har ya ƙi barin fiffike.

6. Ta ina ake farawa, kuma wane tsari ake bi?

Ƙa'idar ita ce daga sama zuwa ƙasa, daga gaba zuwa baya. Idan gangar jirgi tana da dusa, ana farawa daga tsakiyar bayanta a gangaro gefe-gefe, don kada abin da aka wanke ya zubo kan fiffiken da aka riga aka gama. A fiffike ana bi daga bakin gaba zuwa na baya, daga wuri mafi tudu zuwa mafi kwari, wanda a yawancin jirage yana nufin daga ƙarshen fiffike zuwa gindinsa. Ba a feshi daga baya zuwa gaba, saboda hakan yana cusa dusa da ruwa cikin ramukan mahaɗar faifan sarrafawa. Tsayayyar jela daga ƙololuwa ake saukowa, sannan a yi shimfiɗaɗɗiyar.

Ga ƙanƙara mai kauri, gwanin feshi yakan tsaya a wuri ɗaya har zafin ya huda ta ya taɓa ƙarfe. Ƙarfen sai ya yaɗa zafin ta ƙarƙashi, ƙanƙarar ta saki, a ture ta. Fukafukan da aka yi da haɗin zaren kabon ba sa yaɗa zafi kamar alminiyam, don haka suna da nasu lissafin. Dusa mai yawa kuma gara a fara rage ta da iska mai ƙarfi ko tsintsiya mai laushi kafin a taɓa ruwa.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne daidaito: abin da aka yi wa fiffiken dama shi za a yi wa na hagu, ruwa iri ɗaya, sirki ɗaya, wuri ɗaya, ko da gefe guda ne ke da ƙanƙara.

7. Akwai wuraren da ba a fesawa?

Akwai. Ba a auna mesa kai tsaye cikin bakin inji ko bakin ƙaramin injin da ke jela, ko bututun auna gudu, ko ƙananan ramukan auna tsayi, ko na'urar auna kusurwar iska. Haka birki, musamman mai zafi, da tagogi, domin ruwa mai zafi kan tagar da ta yi sanyi yana iya tsattsaga ta. Ruwa mai kauri a gilashin matuƙi yana dusashe gani, sai an goge shi kafin tashi. Ƙanƙarar da ta kama farfelar inji da iska mai ɗumi ake narkar da ita.

Ƙanƙara a waɗannan ƙananan na'urori tana iya kayar da jirgi kamar yadda ta fiffike ke iyawa. A ranar 13 ga Janairu 1982 jirgin Air Florida ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Washington da dusa a fukafukai, ba a kuma kunna ɗumamar inji ba. Bututun auna ƙarfin inji ya toshe da ƙanƙara, ya nuna wa matuƙa ƙarfin da injin bai kai ba. Jirgin ya bugi gadar Titi na 14 ya faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka rasu, huɗu daga cikinsu a kan gadar suke.

8. Mene ne wa'adin kariya, kuma yaya ake lissafa shi?

Shi ne tsawon lokacin da ake sa ran ruwan zai hana ƙanƙara kamawa. Yana farawa ne daga lokacin da aka soma feshin ƙarshe, ba lokacin da aka gama ba, wato mintunan da motoci ke aiki ma suna cikin lissafi. Hukumomin sufurin jiragen sama na Amurka da Kanada suna fitar da jadawalinsa kowace shekara kafin sanyi ya shigo. Matuƙi yana duba abu huɗu: nau'in ruwa, sirkinsa, sanyin waje, da irin abin da ke sauka da ƙarfinsa.

Tazarar tana da girma. Idan raɓa ce kawai ke daskarewa, Nau'i na 1 yana kaiwa minti 45, tsantsar Nau'i na 4 kuma har awa 12. A dusa matsakaiciya da sanyin da bai wuce digiri 3 ƙasa da sifili ba, Nau'i na 1 minti 6 zuwa 11 kawai yake bayarwa, Nau'i na 4 kuwa daga wajen rabin awa zuwa fiye da awa ɗaya, gwargwadon kamfanin da ya haɗa shi. Iska mai ƙarfi, hucin injin jirgin da ke gaba, da fiffiken da ya fi iskar waje sanyi duk suna gajarta shi. Idan an sauke faifan gaba da na bayan fiffike tun kafin a isa titin tashi, ruwan yakan zurare da wuri, sai a yi aiki da kashi 76 cikin 100 na wa'adin. Ga ruwan sama mai daskarewa idan ya yi ƙarfi, da ƙanƙara mai faɗowa dunƙule-dunƙule, jadawalin bai ba da wa'adi ba sam.

Wannan tsari da jini aka same shi. A ranar 22 ga Maris 1992 an wanke jirgin USAir ƙirar Fokker F28 sau biyu da Nau'i na 1 a filin LaGuardia na New York, sannan ya yi minti 35 a layi dusa tana sauka. Ya kasa hawa ya faɗa ruwa, mutum 27 cikin 51 suka rasu. Bayan wannan ne Amurka ta tsaurara dokokin wa'adi da dubawa kafin tashi.

9. Idan wa'adin ya ƙare jirgi yana layi fa?

Sai an duba fukafukai, a kuma tashi cikin minti 5 da dubawar, ko a koma. Wani lokaci ɗaya daga cikin matuƙa yakan shigo wajen fasinjoji ya leƙa ta taga. Ruwa mai aiki yana sheƙi kamar an shafa mai. Wanda ya gaza yakan dushe, ya yi fari-fari, dusa ta fara taruwa a kansa ba ta narkewa. Idan haka ta faru, ba a ƙara sabon ruwa a kan tsohon. Sai an wanke shi duka da ruwa mai zafi, an sake aikin daga farko, sabon wa'adi ya soma. Matsawa kusa da jirgin gaba don hucinsa ya narkar da dusa, kamar yadda matuƙan Air Florida suka yi (tambaya ta 7), dabara ce mai haɗari: abin da ya narke yakan sake daskarewa a fiffike.

10. Babu dusa, sanyi ma bai kai sifili ba, me ya sa aka wanke jirginmu?

Tankunan mai a cikin fukafukai suke. Jirgin da ya yi awoyi a sama, inda sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifili, yana sauka da mai mai tsananin sanyi, kuma man yana riƙe fatar fiffike a ƙasa da sifili na tsawon lokaci. Idan akwai laima ko yayyafi, sai ƙanƙara ta kama ko da iskar waje ta kai digiri 10 ko 15. Raɓar da ta daskare a ƙarƙashin fiffike daidai tanki, yawancin masu ƙera jirage suna yarda da ita idan ba ta wuce milimita 3 ba. Ta sama ce abin tsoro, musamman garai-garai ɗin nan mai kama da gilashi wadda ido ke ɗauka jiƙa ce kawai.

Ita ce ta kayar da jirgin SAS ƙirar MD-81 a ranar 27 ga Disamba 1991. An wanke shi da lita 850 a Stockholm, amma ƙanƙara mai garai-garai ta rage a gindin fukafukai. Da jirgi ya ɗaga fukafukai suka lanƙwasa, ta ɓalle ta shige injuna biyun da ke baya, duka suka mutu. Ya sauka a wani fili a Gottröra ya karye gida uku, amma duk mutum 129 da ke ciki sun rayu. Irin wannan ƙanƙara da tafin hannu ake gano ta, shi ya sa wasu jirage doka ta ce sai an shafa fiffike an ji.

11. Wa ke yanke shawara, kuma me ake faɗa wa matuƙi bayan an gama?

Magana ta ƙarshe ta kyaftin ce, amma ma'aikacin ƙasa da ya ga ƙanƙara wajibi ne ya faɗa. Bayan feshi wani horarren ma'aikaci yana duba jirgi, sannan a karanta wa matuƙi rahoto ta rediyo: nau'in ruwan ƙarshe, sirkinsa, lokacin da aka soma shi da awa da minti, da tabbacin an duba. Da wannan lokacin matuƙi ke buɗe jadawali.

Akwai magana ta biyu, dabam da ta farko: cewa motoci da mutane sun janye. Ba a sakin birki sai an ji ta ƙarara. A watan Janairu 1995 a filin Mirabel na Montreal, wani Boeing 747 na Royal Air Maroc ya motsa bisa rashin fahimtar saƙon rediyo alhali motoci biyu suna aiki a jelarsa, ya kifar da su, ma'aikata uku suka rasu.

12. Me fasinja zai ji, kuma me ya kamata ya yi?

Za a kashe na'urar sanyaya ɗaki na ɗan lokaci don kada tururin ya shigo, sai ku ji ɗakin ya yi shiru da ɗan ɗumi. Kuna iya jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi bayan an kunna. Koren ruwan da za ku ga yana malala a fiffike yayin gudu, aikinsa yake yi. A zauna da bel a ɗaure, domin a filaye da yawa injuna suna kunne ake feshin.

Wanda ya ga dusa kwance a fiffike jirgi yana shirin tashi, ya gaya wa ma'aikatan jirgi nan take, kada kunya ta hana shi. A Dryden ta Kanada, ranar 10 ga Maris 1989, fasinjoji da ma'aikatan ɗaki sun ga dusa a fukafukan jirgin Air Ontario, maganar ba ta kai ga matuƙa ba. Mutum 24 cikin 69 suka rasu.

13. Minti nawa ake ɗauka, kuma lita nawa?

Raɓa a matsakaicin jirgi da motoci biyu, minti 5 zuwa 10. Dusa mai nauyi ko daskararren ruwan sama, minti 20 zuwa 30 ko fiye. Jiran layi ne ya fi cin lokaci, don haka mai sauya jirgi a watannin sanyi ya bar tazara mai faɗi, ya kuma yanki tafiyar a tikiti ɗaya domin kamfani ya ɗauki nauyin sauya masa jirgi idan na gaba ya wuce.

Ruwan kariya yana bukatar aƙalla lita 1 a kowace murabba'in mita. Fukafukan Airbus A320 sun kai wajen murabba'in mita 122, idan aka haɗa da jela da abin da ke zuba ƙasa ana maganar lita 200 ko kusa da haka. Na A380 murabba'in mita 845 ne. Ruwan wanki ba shi da adadi tsayayye, a rana mai tsanani babban jirgi yana iya shan lita dubbai.

14. Ina ruwan yake zuwa bayan ya zuba?

Itilin gilaikol guba ne ga mutum da dabba idan aka sha. Furofilin ya fi sauƙi, amma dukansu idan suka shiga rafi ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su sukan cinye iskar da kifi ke shaƙa. Saboda haka manyan filaye irin na Toronto, Montreal da Munich suke yin aikin a keɓaɓɓen dandali mai magudanai, a tara ruwan, a tace gilaikol a sake amfani da shi. Dandalin yakan kasance kusa da titin tashi, wanda ke rage ɓarnar wa'adi (tambaya ta 8). Titin jirgi kansa ba a zuba masa gishirin hanya saboda yana cin ƙarfen jirgi, sinadaran fotasiyam ake amfani da su.

15. Ruwan kansa yana iya jawo matsala?

Yana iyawa, ta hanya biyu. Ruwa mai kauri yana lalacewa idan famfo ko bakin mesa da bai dace ba ya markaɗe shi, ko aka dafa shi fiye da kima, ko ya gauraya da wani nau'i a tanki. A ido yana nan kore, amma kaurinsa ya tafi, ba zai kai wa'adin da ke jadawali ba. Don haka ake auna sirki kullum da na'urar hasken da ke nuna yawan gilaikol, ana kuma ɗibar samfur daga bakin mesa a gwada kaurinsa.

Ta biyun ta fi ɓuya. Ragowar ruwa mai kauri da ta shige lungunan da iska ba ta kaiwa, kamar mahaɗar faifan jela, takan bushe ta zama gari. Idan aka yi ta maimaita feshi da Nau'i na 2 ko na 4 kaɗai ba a wanke da Nau'i na 1 mai zafi a tsakani, garin yana taruwa. Ranar da ya sha laima sai ya kumbura ya zama kamar kamu, kuma tun da gilaikol ɗinsa ya riga ya tafi, a sama yakan daskare ya riƙe faifan. Jiragen da ake jan faifansu da waya ba da matsin man haidirolik ba, irin BAe 146 da MD-80, su suka fi fuskantar wannan. Maganinsa shi ne injiniyoyi su riƙa buɗe waɗannan lunguna a lokacin sanyi, su fesa ruwa su jira kamar minti 15 su ga ko wani abu zai kumbura, su wanke da ruwan ɗumi, sannan su sake shafa man gilis a mahaɗun da wankin ya taɓa.